Monet, Picasso ko Klee: Wane Zane Ya Dace da Bangon Falonka?

Bara da na gama fentin falo, bangon da ke bayan doguwar kujera ya tsaya fayau kamar allon da aka wanke. Na ɗauko hoton "Dare Mai Taurari" na Van Gogh da wani ya turo a WhatsApp, na kai wa masu buga bana, suka buga mini a kan leda irin ta fostar 'yan siyasa. Daga bakin ƙofa ba laifi. Da ka matso sai ka ga taurarin sun dagargaje, kuma kafin damina ta zagayo shuɗin ya koɗe ya koma kalar ruwan wanki. Tun daga nan, kafin in fitar da ko sisi, sai na tambayi kaina abu biyu: wannan salon zai jure bugawa? Kuma zai zauna lafiya a ɗakin da surukai da malamai ke shigowa?

Ainihin zanukan dai suna gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, ko a hannun attajirai. Abin da ni da kai za mu saya kwafi ne. To, kwafin wa?

Mafi sauƙin sha'ani su ne 'yan Imfireshanizim, masu bin haske. Sun yi baje kolinsu na farko a birnin Faris a 1874, kuma sunan ma da ba'a ya samo asali: wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ga zanen fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre da Claude Monet ya yi a 1872, ya yi masa shaguɓe cewa ai wannan bai ma kammala ba, ya kuma laƙaba musu suna daga sunan zanen, "Impression". Su kuwa abin da suke farauta ke nan, yadda haske ke sauka a kan abu kafin ya gushe, shi ya sa suke fita waje su yi aiki da hanzari, da gajerun shafe-shafen burushi. A wajen mai saye, ribar ita ce yawancin aikin Monet ruwa ne da gona da sama da furanni. Bado kaɗai, wanda ya shuka a tafkin gidansa na Giverny, ya zana shi kusan sau 250. Ni wanda ya fi kwanta mini shi ne jerin tarin alkama da ya yi tsakanin 1890 da 1891: abu ɗaya ne a gona ɗaya, yau da hantsi, gobe da almuru, jibi cikin ƙanƙara. Ka kalle su da kyau, kai ka ce rumbunan ƙauye ne bayan kaka. Sai dai kada ka sayi komai ido rufe don an ce maka ɗan wannan salo ne. Renoir da Degas mutane suka fi zanawa, har da 'yan rawa da mata masu wanka. Da yawa daga cikinmu ba ma rataya surar mai rai a ɗaki, balle irin wannan.

Waɗanda suka biyo bayansu, Van Gogh da Cézanne, su ne na biyu a wajena. Van Gogh ya zana daren nan nasa a watan Yunin 1889, yana jinya a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy. Fenti yake labtawa da kauri har ya yi tudu, kuma wannan tudun babu injin da zai ba ka shi. Abin da ke cetonsa a bugu shi ne ƙarfin launi da murɗewar layi. A kan kyanbas, wato ƙyallen zane mai kauri, yana yin kyau, a kan takarda mai sheƙi kuwa sai ya koma kalanda. Cézanne ya fi natsuwa: dutse ɗaya, Sainte-Victoire, ya yi ta maimaitawa, sai tuffa a kan tebur. Ya dace da ɗakin cin abinci.

Picasso ne sunan da kowa ya sani, shi ne kuma wanda zan ce ka yi hattara da shi. Kubizim, salon da shi da Georges Braque suka ƙirƙiro, farfasa abu ake yi a nuna shi ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Zanen Picasso da ya buɗe ƙofar a 1907 mata biyar ne tsirara, biyu daga ciki da fuskoki masu kama da sassaƙen Afirka irin wanda Picasso ya gani a gidan tarihi na Trocadéro. Tarihi ne babba, amma ba na falo ba. "Guernica" ta 1937 kuma kukan garin da jirage suka yi wa ruwan bama-bamai ne a yaƙin basasar Sifaniya, ga gawa, ga doki na kururuwa, faɗinta ya haura mita 7 da rabi. In aka matse ta ta koma tsawon hannu, rabin tsoron ya tafi, sauran rabin kuma ba shi kake so baƙo ya kalla yana shan kunu ba. In lallai sai Kubizim, nemi zanen goge da tulu ko na gidaje da Braque ya yi. Launinsu ƙasa-ƙasa ne da toka-toka, suna shiga da kujerun fata.

Inda na fi so mai saye ya tsaya ya duba shi ne zanen da babu sura a cikinsa sam, sai launi da layi da siffa. Turawa sun sha rigima a kansa lokacin da Kandinsky ya fara wajajen 1911, da lokacin da Malevich ya rataya baƙin murabba'i a Rasha a 1915 ya ce zane ne. Mu kuwa idonmu ya daɗe da sabawa. Wanda ya tashi yana ganin dagi a goshin soro, aska takwas a babbar riga, da zayyanar allo ranar sauka, ba ya bukatar a yi masa bayanin cewa layi da launi kaɗai sun isa ado. Su ma wasunsu daga ƙasashen Musulmi suka tsinto wani abu. Paul Klee ya je Tunisiya a watan Afrilun 1914, ya ga Ƙairawan, ya dawo yana jera ƙananan murabba'ai masu launin yashi da bango da sararin sama. Henri Matisse, jagoran waɗanda aka yi wa laƙabi da "namun dawa" a 1905 saboda tsananin launinsu, ya yi zama biyu a Maroko tsakanin 1912 da 1913. Da tsufa ya kama shi yana kan keken guragu, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi ana manna masa. "Katantanwa" ta 1953 daga nan ta fito. Mondrian na Holan shi ne mai baƙaƙen layuka da ja da ɗorawa da shuɗi, ya fi dacewa da ofis ko asibiti. Dukkansu launinsu a shimfiɗe yake, ba tudu ba kwari, don haka inji yana kwaikwayonsu kusan daidai. Ayyukan Klee ma ƙanana ne tun asali, kana iya buga su a girmansu na gaskiya. Abu ɗaya: cikin yankan Matisse akwai shuɗayen surorin mata, kuma su masu sayar da fosta suka fi turowa gaba.

Kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauka duk zanen da ba sura haka yake. Na Amurkawan bayan yaƙin duniya na biyu ba ya jure kwafi. Jackson Pollock shimfiɗa ƙyalle yake a ƙasa yana ɗiga fenti yana zagayawa, wasu ayyukansa na 1950 sun haura mita 5. Mark Rothko kuma siraran shafe ne bisa shafe, har launin ya riƙa yi kamar yana numfashi. Na taɓa gwada ƙaramin Rothko a gida. Gwaggona ta shigo, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai ɗan nan, mai fentin gudu ya yi bai ƙarasa ba?" Ban iya musa mata ba, domin abin da ya rage a takardar ke nan: ja a sama, ruwan goro a ƙasa.

Suriyalizim, zanen mafarki, na ɗakin karatu ne. Narkakkun agogon Salvador Dalí na 1931 santimita 24 ne a 33 kacal, don haka ba sai ka kumbura shi ba. Gwangwanayen miya 32 na Andy Warhol, na 1962, a bar wa gidan abinci.

Akwai kuma maganar haƙƙin mallaka, wadda ke taɓa aljihu. A ƙasashe da yawa, har da Najeriya, haƙƙin zane yana ƙarewa ne shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Van Gogh ya mutu a 1890, Cézanne a 1906, Monet a 1926, don haka nasu sun zama na kowa. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York tun 2017 ya saki manyan hotunan irin waɗannan ayyuka kyauta, haka ma Cibiyar Zane ta Chicago, inda akwai tarin alkamar Monet da dama. Picasso kuwa sai 1973, Warhol 1987, Dalí 1989. Nasu sai dai fosta mai lasisi, ga tsada, ga kuɗin kawowa.

In ka zaɓa, saura wajen mai bugu. Don firam mai santimita 60 a 90, hoton ya kai fiksel wajen 3500 a 5300. Kai masa a filash, ko ka tura a matsayin fayil, don WhatsApp matse hoto yake yi. Ka ce ba ka son leda, kyanbas ko takarda mai kauri marar sheƙi kake so, ka kuma tambaye shi ko tawadarsa mai jure rana ce. Ka tsaya a kansa kada ya ja hoton don ya cika firam. Ya fara buga maka ɗan yanki kamar tafin hannu, ka fita da shi waje ka duba launin. Gilashi yana ɗaukar ido, amma da hunturu shi ne gatanka, tsumma ɗaya ya share ƙurar. Kada ka rataya inda rana ke duka, ko a bangon da ke tsattsafo da damina. In kana da hali, akwai masu zane da suka fito daga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da za su kwaikwaya maka da fentin mai na gaske, ka samu tudun nan da inji ya kasa.

Ni dai yanzu tarin alkamar Monet na faɗuwar rana ne a bayan kujera, a kan kyanbas, sai ƙananan Klee biyu cikin gilashi a hanyar shiga. Gwaggo ta sake zuwa da sallah, ta tsaya gaban Monet ɗin ta ce, "Wannan rumbun wane gari ne?"