Wane wasan tebur ne ya fi fito da Conan na ainihi?

Mai son labaran Conan da ya shiga neman wasan da ake zama a tebur, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, jagora yana ba da labari ana jefa ɗan ludo, abin da idonsa zai fara faɗawa a kai shi ne Dungeons & Dragons, musamman rukunin da ake kira Barbarian. Sunan ne ke jan mutane, don ana yi wa Conan laƙabi da "the Barbarian". Shawarata ita ce ka dakata tukuna.

Conan ɗin da Robert E. Howard, mutumin Texas, ya fara fitarwa a mujallar Weird Tales a Disambar 1932 mutum ne mai sana'o'i da yawa. Ya yi sata yana hawa hasumiya da dare, ya yi fashi a teku, ya yi sojan haya, daga bisani ya zama sarkin Aquilonia. A labarin farko ma yana kan karaga. Yana jin harsuna, yana sa sulke da kwalkwali duk lokacin da ya samu, kuma wayo ya cece shi sau da yawa kamar yadda takobi ya cece shi. Da wannan ma'auni nake auna kowane littafin wasa.

A D&D bugu na 5, wanda ya fito a 2014 aka sabunta shi a 2024, jigon Barbarian shi ne fusata. In ya fusata, sara da suka da duka rabin illa suke yi masa, kamar ɗan tauri. Lafiyarsa da ɗan ludo mai fuska 12 ake lissafa ta, ya fi kowa. Amma sulke mai nauyi yana hana shi cin amfanin fusatar, tsarin kuma yana tura shi ya yi yaƙi ƙirji a buɗe. Wannan hoton ya fi kusa da zanen bangon littattafai da fina-finan 1980 da wani abu. A bugu na 3 na shekarar 2000 har jahili aka mai da shi, bai iya karatu ba, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Ga kuma sihiri da ya cika wasan: a wajen Howard boka abin tsoro ne, a nan kuwa abokin tafiyarka ne. In abokanka D&D kaɗai suka sani, haɗa rukunin Fighter (mayaƙi) da na Rogue (ɓarawo), za ka fi kusa da Conan. Ƙa'idojin farko suna nan kyauta a intanet, sai ka gwada kafin ka kashe kuɗi.

Dungeon Crawl Classics na kamfanin Goodman Games, na 2012, shi ya fi kama zafin faɗan. Mayaƙinsa yana jefa ƙarin ɗan ludo tare da kowane sara. In saran ya samu, ƙarin kuma ya nuna 3 ko sama, abin da ya ambata ya tabbata: ya watsa wa abokin gaba ƙasa a ido, ya kaɓe masa takobi, ya hankaɗa shi daga kan bene. Ba sai an rubuta dabarar a takarda tun farko ba. Sihiri a nan yana lalata jikin mai yin sa, kuma haka ya dace. Cikas biyu ne. Ana farawa da talakawa marasa ƙarfi da akasarinsu ke mutuwa a zaman farko, sannan yana buƙatar 'yan ludo masu fuska 5, 7, 14, 24 da 30, waɗanda sai an yi odarsu ko a saukar da manhaja a waya.

Wanda na fi so shi ne Barbarians of Lemuria na Simon Washbourne, don ya watsar da rukuni gaba ɗaya. Sana'o'i huɗu kake zaɓa, kamar ɓarawo, ɗan fashin teku, sojan haya da maharbi, su ne tarihin rayuwar jaruminka. Ka zo gindin katanga, sai ka ce ai na yi sata a baya, a ƙara maka maki. 'Yan ludo biyu na gida sun ishe ka, ana neman jimilla 9 ko fiye. Ƙananan dakaru suna zubewa da yawa a sara ɗaya, jarumi kuma gwani ne tun ranar farko. Mai son lissafin dabaru masu zurfi da hawa mataki-mataki na shekaru zai ga ya yi masa sauƙi da yawa.

Akwai wanda kamfanin Modiphius ya buga a 2017 da sunan Conan kansa, wanda ya jingina da rubutun Howard sosai, yana gina jarumi daga ƙasarsa da asalinsa da tarbiyyarsa. Lasisin ya ƙare a ƙarshen 2022, saboda haka sai dai na hannu, kuma ƙa'idojinsa suna da nauyi ga sabon shiga. In ka ci karo da shi, tabbatar babban littafin ƙa'idoji ne aka miƙo maka, don ƙananan littattafan da suka biyo shi ba sa wasuwa su kaɗai.