Na bi kamfanin yawon buɗe ido zuwa tsibirin Goree, ga yadda na ga aikinsu

Duk wanda hanya ta kai shi Dakar, ko aiki ne ya kai ka ko kana kan hanyar ziyara zuwa Kaulaha ka samu yini guda a hannu, to don Allah ka tsallaka Goree, tsibirin da ya yi suna da tarihin cinikin bayi, kuma ka tafi da ɗan jagora, amma fa ba kowane jagora ba, a nan maganar take. Ni wani ƙaramin kamfani na bi wanda masu masaukina suka haɗa ni da su, tsarinsu shi ne su ɗauke ka daga masauki da safe, su yankar maka tikitin jirgin ruwa zuwa da dawowa, su haɗa ka da jagora a tsibirin, su ba ka abincin rana, sannan su maido ka da yamma. Idan aka ce in ba su maki zan ba su huɗu cikin biyar, kuma gaskiya uku daga ciki dattijon da ya zaga da mu ne ya ciyo musu, ba ofis ɗinsu ba.

Direba ya zo a kan lokaci, wannan ba laifi. Jirgin daga tashar jiragen ruwa ta Dakar yake tashi, sai ka nuna fasfo ko katin shaida a ƙofa kafin ka shiga, kuma kuɗin tikiti kala-kala ne, na 'yan ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na waɗanda suka zo daga wajen nahiyar shi ya fi tsada, saboda haka kar ka bar fasfonka a ɗaki. Tafiyar kaman minti 20 ce, ruwan kuma kwance yake don gaɓar Dakar ɗin ta kare shi daga babban teku, ko wanda bai saba da ruwa ba ba zai wani ji jiri ba in dai ba iska ake yi ba. Tun a cikin jirgin mata masu sayar da tsaraba za su fara zuwa, ta gaishe ka da fara'a ta ce ɗan'uwana daga ina, ta faɗa maka sunanta ta ce kar ka manta in ka sauka ka biyo shagona, kuma wallahi ba za ta manta fuskarka ba ko bayan awa huɗu ne.

Tsibirin ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, wajen mita 900, faɗinsa a inda ya fi faɗi wajen mita 350, mutanen da ke zaune ciki ba su kai 2,000 ba. Babu mota ko ɗaya, babu titin kwalta, lungu ne da yashi da duwatsu, gidaje an shafe su da fenti ja-ja da ruwan ɗorawa, furanni sun rarrafo ta kan katanga. Gefen arewa a shimfiɗe yake, can ne gidaje da wurin tsayawar jirgi, gefen kudu kuma dutse ne baƙi ya tashi sama, shi suke kira Castel. Da jirgi ya matso za ka ga yara suna iyo a gefen gada suna jira a jefa musu kwabbai su nutsa su ɗauko.

Dattijon ya tarbe mu a bakin gada da katinsa na jagora rataye a wuya, mutumin tsibirin ne, can aka haife shi, mu dai Baba muka riƙa ce masa. Yana jin Wolof da Faransanci da Turanci daidai gwargwado. Abin da ya fara burge ni shi ne bai ja mu kai tsaye zuwa Gidan Bayi, wato gidan tarihin cinikin bayi na tsibirin, ba kaman yadda sauran jagorori ke yi, sai ya zaunar da mu a inuwa ya ce sai kun san me ya sa Turawa suka yi ta yaƙi kan wannan ɗan dutsen da ko ruwan sha na kirki ba shi da shi. Dalilin shi ne wurin, yana dab da kuryar yammacin Afirka, jirgi zai tsaya a nan ba tare da igiyar ruwa ta dame shi ba, kuma sarakunan da ke kan tudu ba za su iya kawo maka hari da sauƙi ba tunda ruwa ya raba ku. Turawan Fotugal suka fara zuwa a 1444, sai mutanen Holan suka karɓa suka gina ganuwa, Faransawa suka ƙwace a 1677, Ingila ma ta sha karɓe shi ana maido wa Faransa har zuwa 1817 da ya zauna a hannun Faransa zuwa samun 'yancin Senegal a 1960. Duk wannan a minti goma ya warware mana shi yana zane a yashi da sandarsa, ba takarda ba waya.

Sannan muka shiga Gidan Bayin. An gina shi wajen 1776, gida ne na iyalan Pépin, cikin manyan iyalan 'yan ruwa biyu na tsibirin, waɗanda matansu ake kira signare, mata masu dukiya da gidaje da bayi nasu na kansu da suke aure da hulɗar kasuwanci da Turawa. Kana shiga tsakar gida za ka ga matakala biyu sun lanƙwaso hagu da dama zuwa bene, sama ɗakuna ne masu iska da baranda inda masu gida ke zama, ƙasa kuma ƙananan ɗakuna masu duhu da ɗan tsagin taga, an rubuta a ƙofar kowanne, na maza, na mata, na 'yan mata, na yara. A ƙarƙashin matakalar akwai wani ɗan rami kaman akurkin kaji, ba ka iya miƙewa tsaye a ciki, nan aka ce ake cusa masu taurin kai. Na durƙusa na leƙa, bangon da danshi, warin gishirin teku da tsohuwar ƙasa, kai jama'a ɗan Adam ya yi wa ɗan'uwansa abu. A sama akwai mari da sarƙoƙi na ƙarfe a cikin gilashi, wasu ƙananu ne da ka gani ka san ba ƙafar babba aka ƙera wa ba. Daga tsakiyar matakalan wani ɗan siririn lungu ya miƙe zuwa wata ƙofa da ke buɗe kan teku, ita ce ake cewa ƙofar da in ka fita ba dawowa, daga ita sai duwatsu sai ruwa. Mutane na ta layi za su ɗau hoto a wurin, wasu baƙaƙen fata daga Amurka kuwa kuka kawai suke yi, Baba ya ja mu gefe ya ce mu ba su wuri tukuna, wannan tarbiyyar tasa ta kama ni.

To a nan ne na tabbatar kuɗina bai tafi a banza ba. Wani jagora da ke kusa da mu yana ta faɗa wa mutanensa da ƙarfi wai miliyoyin bayi ne suka fita ta wannan ƙofar. Wata 'yar'uwa a cikinmu ta tambayi Baba ko haka ne, sai ya ce ƴata ni ba zan gaya miki abin da ba haka ba, masana tarihi da suka bi takardun jiragen sun nuna waɗanda aka fitar ta Goree dubbai ne, ba miliyoyi ba, kuma akwai gardama mai ƙarfi kan ko wannan gidan ma an taɓa loda mutane da yawa ta ƙofarsa, tunda duwatsun bakin ba sa barin jirgi ya matso, wasu suna ganin ɗakunan ƙasan na bayin gida ne da ajiyar kaya. Gaba ɗaya cinikin bayi ta tekun Atlantika ya kwashe mutum sama da miliyan 12, amma manyan mafitar su ne irin su Luanda a Angola da Ouidah a Benin da Bonny a Najeriya, a wannan yankin ma Saint-Louis ta arewacin Senegal da bakin kogin Gambiya sun fi Goree. Ya ce amma wannan bai rage wa wurin komai ba, ko mutum ɗaya aka sayar a nan ya isa a tsaya a tuna da shi, kuma yawancin wuraren da aka yi abin sun rushe ko an gina wani abu a kai, nan kuwa bangon yana nan ka taɓa da hannunka. Ni a ganina haka ya kamata a riƙa gaya wa mutane, don duk ranar da yaro mai karatu ya gano an ƙara gishiri a adadi to zai fara shakkar sauran labarin ma, alhali zaluncin gaskiya ne ba ya buƙatar ƙari. Ya kuma yi magana da girmamawa kan marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da gidan tun buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1962 har rasuwarsa a 2009, ya ce ko ka yarda da lissafinsa na adadin bayin ko ba ka yarda ba, shi ya sa duniya ta san wurin. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, Nelson Mandela ya zo a 1991, Paparoma John Paul na biyu ya zo a 1992 ya nemi gafara kan abin da aka yi, Obama ya zo a 2013.

Kuma bai tsaya kan bauta kaɗai ba, wanda yawancin masu zuwa nan suke tsayawa su juya. Faransa ta haramta bauta a yankunanta a 1848, aka kafa Dakar a 1857, kasuwa ta koma can tudu inda akwai fili da ruwa da gyaɗa daga baya har da jirgin ƙasa, Goree ta fara mutuwa a tsaye, shi ya sa ma tsoffin gidajen suka tsira tunda ba mai kuɗin rushewa ya sake gini. Ya nuna mana ginin tsohuwar makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930, nan aka horar da malamai da ma'aikata na duk yankin da Faransa ta mulka a yammacin Afirka, Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa ya yi karatu nan, Modibo Keita na Mali, da Jori Hamani shugaban Nijar na farko. Na daɗe ina kallon ginin nan, ya tsufa sosai yana neman gyara. Blaise Diagne ma, baƙar fatan Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar Faransa a 1914, ɗan Goree ne, an haife shi a 1872. Akwai makarantar kwana ta 'yan mata masu hazaƙa mai sunan Mariama Bâ, akwai coci na 1830, akwai ɗan masallacin dutse a gindin Castel dab da ruwa wanda aka gina wajen 1890, yana cikin tsoffin masallatan dutse na ƙasar, nan muka yi azahar igiyar ruwa na dukan bango, kuma ana ganin yadda teku ke cin gaɓar ta wannan ɓangaren, abin damuwa ne sosai.

Hawan Castel ba wuya, hanya ce tsakanin bishiyoyin kuka, masu zane sun jera hotuna hagu da dama, wasu da yashi kala-kala suke zanen a gabanka. A sama akwai manyan igwoyin Faransawa sun yi tsatsa, da ramukan soja da yanzu wasu ke kwana ciki, daga nan kana hango Dakar baki ɗaya.

Yanzu inda kamfanin ya gaza. Na farko lokaci, sun tsara mu dawo da wuri don direban yana da wasu fasinjoji, saboda haka gidan tarihin da ke cikin ganuwar d'Estrées, wannan zagayayyen ginin na shekarun 1850 da ke kuryar arewa, a guje muka leƙa shi, alhali nan ne tarihin Senegal yake tun daga zamanin dutse har shigowar Musulunci da malaman da suka yi tirjiya wa Turawa, wuri ne na awa guda aƙalla. Na biyu abinci, wani gidan abinci na bakin ruwa suka kai mu wanda da gani akwai yarjejeniya tsakaninsu, mun jira ya fi minti 40, shinkafa da kifin nan tasu ta ƙasa da suke kira cebujen ta zo ba zafi, kifin ɗan tsito, sai dai zoɓon da suke kira bisap ya yi sanyi ya yi daɗi. Na uku, ba su gaya mana tun farko cewa harajin shiga tsibirin da kuɗin ƙofar gidajen tarihi ba sa cikin abin da muka biya ba, ba wani kuɗi mai yawa ba ne amma wata baiwar Allah a cikinmu ba ta riƙo canjin sefa ba sai da aka haɗa mata, wannan rashin bayani ne kawai kuma ba daidai ba ne. Na gaya wa mai kamfanin da muka dawo, ya saurara ya ba da haƙuri, ko zai gyara Allah masani.

Maganar masu tsaraba kuwa ba zan ɗora wa kowa laifi ba, matan nan da wannan suke ci da 'ya'yansu, suna da naci kam amma ba rashin kunya, in ba za ka saya ba kar ka yi alƙawari a jirgi, in za ka saya ka yi ciniki da mutunci.

Wanda yake jin Faransanci zai iya zuwa tasha da kansa ya yanki tikiti ya nemi jagora mai kati a bakin gada, zai fi araha kuma lokacinsa nasa ne. Wanda ba ya ji, ko yake tare da iyali da tsofaffi, kamfani ya fi masa sauƙi, sai dai ya sa su rubuta masa abin da ke cikin kuɗin da wanda babu, ya ce jirgin yamma yake so ba na rana ba, ya kuma nemi jagora ɗan tsibirin. Ku guji ranar Litinin don lokacin da na je an ce gidajen tarihin ba sa buɗewa, ƙarshen mako kuma cunkoso ne da 'yan makaranta da mutanen Dakar masu zuwa wanka, daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi sanyin iska, ku riƙe ruwan sha da hula da takalmi mara tsini saboda duwatsun lungunan.