Sharhi: aika dutsen kudancin Kano waje don a auna shekarunsa

Aikin na wani ɗakin gwaje-gwaje ne a ƙasar waje. Ka aika musu dutse, su ciro zirkon, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ke cikinsa, su harbe shi da hasken leza, su auna yuraniyom da dalmar da ke ciki. Abin da muka aika nayis ne, dutsen nan mai kama da giranit, mai ratsin fari da baƙi, daga falalen duwatsun tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Awon nasu ba shi da makusa. Tsarinsu mai rahusa ne ban ba kowa shawarar ya biya ba.

Ga dalili. Lokacin da zirkon ke samuwa yana karɓar yuraniyom, ba ya karɓar dalma, don haka dalmar da aka tarar a cikinsa daga baya ta taru, daga rikiɗewar yuraniyom. Rabin yuraniyom-238 kan rikiɗe ya zama dalma-206 cikin shekara biliyan 4.47, rabin yuraniyom-235 kuwa ya zama dalma-207 cikin miliyan 704. Idan lissafin biyu ya zo ɗaya, sai a amince. Matsalar nayis ita ce ya dahu da zafin ƙarƙashin ƙasa fiye da sau ɗaya, shi ya sa ƙwayar zirkon ɗinsa na da tsohuwar cibiya da sabon ɓawo. Yawancin duwatsunmu sun sake dahuwa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, alhali a Kaduna an samu nayis mai shekara miliyan 3,571, sakamakon da aka wallafa a 2001.

A tsarin mai rahusa ba sa ɗaukar hoton cikin ƙwaya kafin harbi. Faɗin lezar kusan maikuron 30 ne (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kuma in ta sauka kan iyakar cibiya da ɓawo, sai ta ba da shekarun da ba na wannan ba, ba na wancan ba. Haka sakamakon samfuran da ba a yi wa hoto ba ya zo a warwatse. Waɗanda aka yi wa hoto kuwa, ɓawon ya tattaru kusa da miliyan 600, sinadarin toriyom da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na yuraniyom ba, alamar dahuwa ce ta haifar da shi, cibiyoyin kuma suka fito da shekaru masu nisa. Kuɗin hoton ya cancanci a biya.

Rabin aikin a daji ake gama shi ko a ɓata shi. A ɗebo kilo uku zuwa biyar na dutse mai lafiya, ba saman da ruwa da rana suka cinye ba. Wurin masu fasa dutse ya fi. Fararen jijiyoyin da suka ratsa dutsen a sa su buhu daban. A yi hattara kusa da Riruwai, don giranit ɗin can ƙarami ne, bai kai shekara miliyan 200 ba.

Wanda zai rage kuɗin aike zai iya niƙawa a nan, ya tankaɗe da rariyar maikuron 250, ya wanke a kwano yadda masu kuza ke yi, ya cire baƙin ƙarfe da maganaɗisu. Zirkon ya ninka ruwa nauyi sau 4.6, a gindin kwano yake zama. Amma kada a ari kwanon mai wankin kuza, yashin rafi cike yake da zirkon na wani dutsen, ƙwaya kaɗan sun isa su rikita sakamako. Injin niƙan ma a wanke shi tas tsakanin samfur da samfur.

Inda suka gaza: sun wuce lokacin da suka ɗiba, biya kuma da dala ne. Rahoton farko bai zo da awon zirkon ɗin da suke daidaita na'ura da shi ba, sai da aka nema. A buƙaci wannan tun a yarjejeniya. In zirkon ɗin daidaitawa da ake kira 91500 suka yi amfani da shi, ya kamata ya nuna kusan shekara miliyan 1,065. A kuma samo izinin fitar da samfur daga ma'aikatar ma'adanai ta tarayya kafin a kai kaya wurin masu aike.