Shasin tsohuwar Land Rover ya ci tsatsa: a ɗora faci ko a yanke a dasa sabon ƙarfe?

Malam, ka ce kana da Land Rover Series III a nan Jos, tsatsa ta huda shasin, wato firam ɗin ƙarfen da jikin motar ke zaune a kai, wajen mariƙin sufirin (spring) na baya. Wani mai walda ya ce zai ɗora farantin ƙarfe a kan ramin ya zagaye shi da wuta, wani kuma ya ce sai an yanke wurin an dasa sabo. Ka tambaya wanne za ka bi.

Kafin zaɓi, a san inda cutar take. Shasin wannan mota, da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, kamar dogon akwati yake, kaurin ƙarfensa wajen milimita 2. Jan laka na daminar Filato yana shiga ciki, ya toshe ƙofofin fitar ruwa, ya zauna da danshi wata da watanni. Saboda haka daga ciki tsatsar take cin ƙarfen, ramin da ka gani ƙarshen ɓarnar ne. Bodin kuwa galibinsa na alminiyom ne, shi ya sa motar ke da kyan gani alhali ƙasanta ya ruɓe. A wanke shasin, a bi shi da ƙaramar guduma. Inda ya yi ƙara tas, lafiya lau. Inda ya yi luf ko ya lotsa, a sa alli.

Ɗora faci ya fi sauri da arha, ko na yau a walda zai iya, kuma ba sai an sauke abubuwa da yawa ba. Matsalarsa ita ce ruɓaɓɓen ƙarfen yana nan a ƙasa. Ruwa yana maƙalewa tsakanin tsoho da sabo, tsatsa ta kumbura ta ɗaga facin. Ita ma waldar a kan siririn ƙarfe ta zauna, don haka ba abin da ta riƙe. Wasu har faranti mai milimita 5 ko 6 suke ɗorawa wai don ƙarfi. Shasi yana ɗan lanƙwasa a hanya, to wurin da aka yi wa kauri ba ya motsi, sai tsagewa ta fito a bakin facin. Mu dai ba ma yarda da wannan hanyar sai don a lallaɓa mota ta isa gareji.

Yankewa da dasawa ya fi cin lokaci da kuɗi, yana kuma neman hannu mai natsuwa, amma shi ne gyara, musamman a wurin da sufirin ke ɗaukar nauyi. Da farko a cire kan batir, a sauke tankin mai, a kawar da bututun birki. A tuna wayoyin fitilun baya ta cikin shasin suke bi, in ba a zare su ba za su narke. A ɗora shasin a kan matokarai a daɓe mai daidai, a auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu a rubuta, sannan a ɗana ƙarfen kwana a gicciye don kada ya murɗe idan an yanke.

A wuce iyakar tsatsa da santimita 2 zuwa 3, har giranda ta nuna farin ƙarfe mai cikakken kauri. Kada a yanke a tsaye cak. A karkata yankan wajen digiri 45, kusurwoyi a zagaye su, domin daga kusurwa mai kaifi tsagewa take farawa. A fitar da siffar ramin da kwali, a yanko baƙin ƙarfe mai milimita 2, daidai da na asali. Wajen maƙeran Dilimi za ka samu, amma ka tafi da abin awo, kada ka sayi na rufin ƙofa. Mai ruwan tutiya ma a bar shi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Sabon ya shige ramin baki da baki, da tazarar milimita 1. A ɗiɗɗiga masa walda kowane santimita 4, sannan a ja walda guntu-guntu, santimita 2 nan, a tsallaka ɗaya gefen, a bari ya huce da kansa. Watsa ruwa yana sa wurin ya yi gautsi. Idan an canza dogon yanki, a ƙara ƙarfe mai siffar lu'ulu'u, wato mai faɗi a tsakiya da tsini a bakuna biyu, a kan mahaɗar daga gefe, a zagaye shi kaf don kada ruwa ya shiga.

Sai batun wuta. Waldar gas ta kabayit tana dumama wuri mai faɗi, shasi ya karkace, kuma in ka ga an ɗauko sandar tagulla ka dakatar da aikin, liƙi ne kawai. Waldar lantarki da sandar 6013 mai kaurin 2.0 ko 2.5, a wutar amfiya 50 zuwa 70, tana yi idan hannun ya ƙware, sai dai tana saurin huda ƙarfe, kuma rawar da wutar janareta ke yi tana ƙara wahalar. Waldar MIG, wadda injin ke turo waya da kansa maimakon sanda, da waya mai milimita 0.8 ta fi duka dacewa da wannan kaurin. Ka zaga garejojin Farin Gada ka tambaya, ka kuma sa mai waldar ya haɗa guntaye biyu a gabanka, a juya a ga ko wutar ta ratsa bayan.

Bayan an gama a sake awo, bambancin kusurwoyin kada ya wuce milimita 3. A shafa jan fentin hana tsatsa da baƙin fenti, a buɗe ƙofofin ruwa, a fesa mai ko kakin hana tsatsa a ciki, domin ƙarfen da ke bayan waldar daga ciki tsirara yake. Lambar shasi tana gaba ta dama wajen mariƙin sufirin, kada giranda ta taɓa ta, ita ce a takardunka. In kuwa guduma ta nuna rabin dogon ƙarfen gefen shasin ya tafi, a daina lissafin walda, a nemi wani shasin mai lafiya a gyara takardu.