Bas mai lamba 32 a Zurik: danja ma tana ba ta hanya

Wanda ya saba da a ce bas za ta zo "in an jima" zai ɗan jima kafin ya yarda da allon da ke tashoshin Zurik a Suwizalan. In allo ya ce saura minti uku, to uku ɗin ne. Na yi ta hawa mai lamba 32 lokacin da na sauka wajen wani ɗan'uwa kusa da Bucheggplatz, doguwar bas ce mai gaɓa biyu, tana shan wuta daga wayoyin da ke sama, tana ratsa Limmatplatz da Langstrasse, inda mahaɗar tituna ta yi yawa.

Ba gudu direban yake yi ba, tafiyarsa ma a natse take. Tsayuwar banza ce babu. Na zauna gaba don in gane dalili. Bas na tunkarar mahaɗa, na'urar da aka binne a kwalta ta ji zuwanta ta sanar da kwamfutar danja, sai a ja mata lokacin wucewa ko a gajarta jira. Tana ƙetarewa a mayar wa sauran motoci rabonsu. Direban kuma ba ja da kore yake kallo ba, yana da tasa 'yar fitila mai fararen ɗigogi: in sun jeru a kwance ya tsaya, in sun miƙe tsaye ya wuce. Sau da yawa sai ka ga ko birki bai taɓa ba, fitilar ta juya kamar mai gadin da ya hango motar maigida.

Mutanen garin ne suka zaɓi haka. A 1973 sun ƙi amincewa da gina jirgin ƙarƙashin ƙasa a ƙuri'ar raba gardama, a 1977 kuma suka amince a ware faran miliyan 200, kuɗin Suwizalan, don a ba bas da taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titin cikin gari, fifiko a kan tituna.

Amma akwai mai biyan kuɗin wannan daɗi. Ranar da ɗan'uwan nawa ya ɗauke ni a ƙaramar motarsa, mun tsaya a danja muna kallon bas biyu da taram suna wucewa, shi yana ta tsaki. Ban taya shi ba. Mu biyu ne a motar, su kuwa kowace cike take da mutane.

Tikiti akwai tsada, musamman ga wanda ke lissafi da naira a zuci. Na awa 24 ya fi sauƙi in kana da zirga-zirga da yawa. A saya kafin a hau, a injin da ke tasha ko a waya, don masu bincike kan shigo ba zato, kuma tararsu ba ta da daɗi. Da yamma lokacin tashi daga aiki ana cika sosai wajen Langstrasse, mai jaka babba gara ya shiga ta ƙofar tsakiya.