Riga mai sunan Gambo a baya: aikin masu buga jesi a Kano da inda suke kwafsawa

Duk ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars take wasa a gida, in ka tsaya a bakin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, za ka ga rigunan da ba na bana ba. Wannan ya sa mai sunan Gambo, wancan Pele (laƙabin Rabi'u Ali) da lamba 10, wani Afelokhai, jefi-jefi ka hango Yaro Yaro a bayan wani dattijo, duk sunayen 'yan wasan da suka yi fice a Pillars. Kaɗan ne na asali a cikinsu. Galibi sabon bugu ne da magoya baya suke bayarwa a yi musu a shagunan buga riguna na cikin gari da na Sabon Gari. Masu shagunan nan suna da hannu, farashinsu ma bai fi ƙarfin talaka ba, sai dai abu biyu ne ke yawan kayar da su: tarihi da zafi.

Sunan da ba a rasa shi a irin wannan aiki shi ne na Gambo Mohammed, kuma ba abin mamaki ba ne. Ya daɗe a Pillars har ya riƙe kyaftin, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Daga Kano aka kira shi tawagar Super Eagles da ta je gasar zakarun nahiyoyi a Birazil a 2013, ya shigo canji a wasan da aka yi da Sifaniya. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar kulob ɗin wuta a hanyar zuwa Owerri, yana cikin waɗanda harsashi ya samu, ya warke ya dawo ya ci gaba da sa rigar. Mutumin da ya biya kuɗi don ya ɗora wannan suna a bayansa ba zai so ya ga harafin G ya ɗaye a wanki na uku ba.

Kuskuren tarihi ya fi ciwo, domin ba ya gyaruwa. Yawancin yaran da ke kan kwamfuta a shagunan nan rigunan Madrid da Barcelona suka ƙware a kai. In ka ce rigar Pillars ta 2008 kake so, abin da ke ajiye a kwamfutar za a ɗauko maka: tambarin gasar yau a hannun riga, taurari huɗu a ƙirji, ɗaya ga kowane kofin lig. Alhali 2008 ita ce shekarar kofi na farko, ƙarƙashin Kadiri Ikhana, tauraro ɗaya ke nan. Huɗu ba su cika ba sai 2014. Kofin 2019 kuwa na ƙalubale ne, wanda aka ci Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna, ba ya shiga lissafin taurarin lig. Haka wanda yake son rigar tunawa da cire Al Ahly daga gasar zakarun Afirka, 2009 zai rubuta. A shekarar ne aka kai wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta tare hanya. Ka je da tsohon hoto a waya, mai nuna gaba da baya in ka samu, ka rubuta suna da lamba da shekara da hannunka a takarda. Sunan Gambo kaɗai ana rubuta shi Mohammed, ana rubuta shi Muhammad, yaron shago kuma wanda ya zo masa a ka zai buga. Masu son na marigayi Bello Ƙofarmata, tsohon ɗan wasan Pillars, su duba harafin farko da kyau, domin yawancin salon rubutun lambobin ƙwallo babu Ƙ mai lanƙwasa a cikinsu, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, harafi ɗaya ya fito siriri a tsakanin masu kauri.

Shagon kirki yana da alama tun daga nan. Kafin a yanka ledar haruffan maigidan zai juyo maka da fuskar kwamfutar ya ce, "Malam, duba rubutun nan da kyau, in na yanka shi ke nan." Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya ce ka dawo bayan La'asar ba tare da ya nuna maka komai ba, caca ka yi.

Mafi araha su ne masu teburi da dutsen guga, waɗanda ke sayo haruffa da lambobi yankakku su manna maka a tsaye. Don wasan unguwa na mako biyu ba laifi. Don rigar tunawa kuwa, a'a. Dutsen guga ba ya riƙe zafi ɗaya, hannun mutum ba ya danna ko'ina daidai, ƙasan gugar lantarki ma akwai ramukan tururi da ba sa taɓa ledar. Gefen lamba zai fara ɗagowa, ƙura ta shige ƙarƙashi, shi ke nan.

Inda aka fi kai aiki shi ne wajen masu injin dannawa da ledar da suke kira fileks, kuma nan ne bambancin gwani da ɗan koyo yake fitowa fili. Injin yanka ne ke yanka ledar, a juye kamar a madubi, sannan yaro ya zauna da ɗan ƙugiya yana tsince abin da ba a so, cikin A da cikin O da cikin sifilin lamba 10. A shimfiɗa riga a farantin injin dannawa, a fara danna ta ita kaɗai na daƙiƙa 3 zuwa 5 don danshi ya fita, yamutsewa ta kwanta. Da yawa suna tsallake wannan saboda sauri, da damina kuwa shi ne yake sa gam ya ƙi kamawa. Daga nan a auna, a ɗora, a rufe da takardar da ba ta mannewa, a danna. Fileks na gama-gari yana son wajen digiri 150 na daƙiƙa 10 zuwa 15. To amma rigar ƙwallo yadin roba ce, zafin nan yana iya bar mata tabo mai sheƙi daidai faɗin farantin, wanda ba ya fita ko a wanki. Shi ya sa masu sani suke ajiye ledar da ke kamawa a digiri 130 zuwa 140.

Akwai wata cuta da ta shafi launin Pillars kai tsaye. In rigar koriya ce aka ɗora mata lamba fara ko ruwan ɗorawa, zafi yana tayar da rinin yadin ya ratsa cikin ledar. A shago ba za ka ga komai ba. Sai bayan 'yan kwanaki lambar ta fara komawa kore-kore kamar ta yi gansakuka, mai riga ya ɗora wa mai wanki laifi. Maganinsa leda mai shinge, wadda in ka juya bayanta za ka ga wani shafi baƙi ko toka-toka da ke tare rinin. Ta fi tsada kaɗan, ba kowane shago ke ajiye ta ba. Ka ce a nuna maka bayan ledar. In rigar ruwan ɗorawa ce lambar kuma koriya, wannan matsalar ba ta cika tasowa ba, tunda mai duhu ne a kan mai haske.

Sai maganar wuta, wadda a Kano ba ƙaramar magana ba ce. Injin dannawa mai faranti inci 15 yana jan wuta fiye da wat 1,000, manyan sun doshi 2,000. In wutar ba ta da ƙarfi, ko ƙaramin janareta ne ke ɗauke da shi tare da kwamfuta da fanka, zafin farantin yana sauka da an danna riga ta farko, ba ya komawa kafin ta biyu. Agogon injin yana iya nuna 150 alhali gefen farantin bai kai ba. Idan riguna ashirin kuka kai na ƙungiyar magoya bayan unguwa, na farko-farko za su yi kyau, na tsakiya su riƙa ɗayewa. Gwani yana jira lambar zafin ta dawo daidai kafin ya danna ta gaba, wasu ma suna da ɗan ma'aunin zafi na hannu da suke haska faranti da shi. Ƙarfin dannawar ma ana gwada shi cikin sauƙi: a sa takarda a kusurwa huɗu, a rufe injin, a ja kowace. Wadda ta zare ba wahala, wajen ba ya dannuwa. Kuma kada a bari ɗinkin wuya ya shiga ƙarƙashin faranti, domin kaurinsa yana ɗage farantin, sunan da ke ƙasa da wuyan bai samu matsi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa suna yake riga lamba ɗayewa a mafi yawan rigunan da ake gani a filin wasa.

Girman rubutu ma ana yawan kuskure shi. A ƙa'idar wasannin manya lambar baya tana tsakanin santimita 25 da 35 a tsayi, haruffan suna kuma 5 zuwa 7.5. A bakin tela, lamba inci 10 ke nan zuwa sama, suna inci 2 zuwa 3. Shagon da yake tsimin leda zai yanka maka inci 8, rigar ta fito kamar ta 'yan firamare.

Aikin da ya fi duka daɗewa shi ne sabilimeshan, kuma shi ya dace da wanda yake son a dawo masa da tsohon zane gaba ɗayansa. A nan ba a manna komai. Ana buga zanen a takarda da tawada ta musamman, a ɗora a kan farin yadin roba, a danna a wajen digiri 190 zuwa 200 na daƙiƙa 45 zuwa 60. Tawadar sai ta zama tururi ta shige cikin zaren. Bayan nan ne tela zai haɗa gaba da baya da hannuwa. Ka shafa bayan rigar ba za ka ji tudun lamba ba, ba ta tsagewa, ba ta ɗayewa, iska kuma tana ratsa ta, abin da duk wanda ya taɓa zama a buɗaɗɗen ɓangaren filin wasa da ƙarfe huɗu a watan Afrilu zai yaba. Iyakarsa ita ce ba ya hawa auduga, ba ya hawa yadi mai duhu, domin babu farar tawada a cikinsa. Duk wanda ya ce zai yi maka shi a kan koriyar rigar da ka sayo a Ƙofar Wambai, wani abin daban zai yi maka.

Shi ma yana da nasa ciwon kan. Launin da ke fuskar kwamfuta ba shi ke fitowa a yadi ba. Ruwan ɗorawa yakan karkata ya koma ruwan lemo, kore ya yi duhu. Ka nemi a gwada a ƙyalle, ka fita da shi rana ka duba, kada ka yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan shago. In takardar ta motsa lokacin ɗaga faranti, rubutu zai fito da inuwa a gefensa, shi ya sa ake kafe ta da salatif mai jure zafi. Da hunturu kuma ƙura da ɓurɓushin zare suna sauka a farin yadi, in ba a goge ba kafin a danna sai su fito ɗige-ɗige shuɗaye, a kan ruwan ɗorawa kuwa ba sa ɓuya. Masu wannan injin ba su kai masu fileks yawa ba, kuma ba sa murna da riga ɗaya. Ku haɗu ku goma ko sha biyu, kuɗin kowa zai sauka sosai.

Tambarin ƙirji ya fi kyau a yi shi da zare a injin surfani, a ɗinka shi, maimakon a manna. Yadi kuma a nemi mai nauyin giram 140 zuwa 160 a murabba'in mita. Wanda bai kai haka ba singileti yana nunawa ta ciki. Juya rigar ka ja ɗinkin hammata, nan ne wibin mara kyau yake fara buɗewa.

Da za a jera su, sabilimeshan ne a gaba ga mai son riga ta shekara da shekaru, fileks mai shinge a hannun mai haƙuri yana bi masa, dutsen guga kuma a bar wa gasar unguwa. Alƙawarin lokaci dai kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su. A makon da Pillars za ta karɓi baƙuncin Katsina United ko Enyimba, ko lokacin kamfen da aikin 'yan siyasa ya cika shaguna, "gobe in sha Allahu" tana iya kai wa mako. Ka kai aikinka da wuri, ka ba da rabin kuɗi, sauran sai ka ga riga.

Bayan an karɓo, rigar fileks kada ta ga ruwa sai ta kwana ɗaya cur, gam ɗin ya gama kamawa. A juya ta ciki waje, a wanke da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ban da Hypo, ban da buroshi a kan lamba, ban da murɗawa wajen matsewa. A shanya a inuwa, tana juye. In za ka ba mai wanki da guga, ka gaya masa baki da baki kada dutse ya hau rubutun, don gugar gawayi tana narkar da fileks nan take. Idan gefen harafi ya fara ɗagowa, kada ka ja shi, kada ka sa masa gam na kanti. Ka mayar shagon tun ƙura ba ta shiga ba, a rufe da takarda a sake dannawa na daƙiƙa 10, yawanci yana komawa ya zauna.