Zagayen masana'antar Sierra Nevada a Chico: shara ce abin kallo

Tun kafin wani ya fara ja min aya, ni dai ba mashayi ba ne, kuma ba tallar giya na zo yi ba. Abin da ya kai ni shi ne yadda ake ta kuranta kamfanin nan wai a duk masu dafa giya na Amurka ba wanda ya kai su kula da muhalli, na ce to bari in je in gani da idona ko dai duk kurin baki ne.

Wurin yana garin Chico a arewacin jihar Kalifoniya, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Sacramento a mota. Ken Grossman da abokinsa ne suka kafa shi a 1980 da tsofaffin tankokin madara da suka tsinto suka yi wa walda, yanzu kuwa ya zama gari guda. Tun daga wajen ajiye motoci za ka fara ganin aikin, don rumfar da ke saman motarka faifan sola ce, ga inuwa ga wuta, kuma jimillar faifan da suka shimfiɗa a harabar ya haura 10,000. Abin ya yi kyau kam, amma gaskiya sola ba ta wani girgiza ni ba, duk mai kuɗi zai iya saye ya kafa.

Inda na tsaya na saki baki shi ne wajen shara. Idan an jiƙa sha'ir an tace ruwan zaƙinsa, abin da ya rage dusa ce jiƙaƙƙiya mai ɗumi tana tururi, ƙamshinta kamar na kunu, kuma ita ce mafi yawan abin da kowace masana'antar giya ke fitarwa. Ba sa zubarwa, manyan motoci ke kwasa a kai wa masu kiwon shanu na yankin. Wannan kam ba sabon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya san unguwannin da ake dafa burukutu ya san dusar ba ta kwana, masu dabbobi na jira. Sai dai su nan sun wuce dusa. Iskar gas ɗin da yis ke fitarwa lokacin da giya ke tsima, wadda ƙananan masana'antu ke bari ta bi iska sannan su koma su sayo irinta a tukunya, su kama ta suke yi su tace su mayar da ita wajen ɗura kwalba. Ruwan wanke-wanke kuma suna da matatarsu, ƙwayoyin halitta su cinye dattin su ba da gas, gas ɗin ya koma ya hura tukunyar dahuwa. Ragowar abincin gidan cin abincinsu akwai wani dogon inji mai suna HotRot da ke narka shi ya zama taki, takin ya tafi lambunsu da gonar hop (furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi) da ke nan gefe, har man suya da ya gama aiki ana mayar da shi man mota. A 2013 aka ba su shaidar cewa kashi 99.8 cikin ɗari na shararsu ba ya zuwa juji. Kai jama'a, mutanen nan ko ƙura suka share sai sun nemo mai saye.

Kuma kar ka ɗauka tsabar son duniya ta gyaru ne kawai, lissafi ne. Gas ɗin da ka kama ba sai ka saya ba, sharar da ba ka zubar ba ba ka biya kuɗin kwasa ba. Ni a wurina hakan ma ya fi, don abin da ke rage wa mai shi kashe kuɗi ba ya dainawa ranar da 'yan jarida suka tafi.

Ɗakin hop shi ne wurin da na fi jin daɗi. Sanyi kamar me, ga furen a daddanne cikin manyan dami, aka ce kowa ya ɗiba ya murza a tafin hannu, sai ka ga wani gari ruwan ɗorawa ya manne maka, ƙamshi kamar ɓawon lemo da ganye, har na koma mota hannuna bai daina ba.

To amma fa akwai inda ban gamsu ba. Giya ruwa take ci, lita ɗaya sai an kashe mata lita da yawa tsakanin dahuwa da wanke tankoki, ba a ma zo kan ruwan da aka shayar da sha'ir da hop a gona ba, a jihar da fari ke addaba kusan kullum. Sannan wani kamfanin irinsu, New Belgium na Colorado, ya sa an yi masa bincike a 2008 kan giyarsa Fat Tire, aka gano mafi yawan hayaƙin da ke ɗumama duniya ba daga cikin masana'anta yake fitowa ba, daga firjin shaguna ne da ƙera kwalba da noman sha'ir. Wato duk tsaftar da ka gani a zagayen nan ƙaramin yanki ne na labarin, babban yana can waje inda ba a kai baƙi. Kuma irin waɗannan injina sai babba, mai ƙaramin wuri da tukwane uku ina zai samu kuɗinsu?

A ƙarshen zagaye ana ba da ɗanɗano ga wanda ya kai shekara 21, ni na ce a kai kasuwa. Suna da wani ruwa mai gas da ake sa wa hop, Hop Splash, babu barasa a ciki ko kaɗan, shi na sha, ɗan ɗaci-ɗaci ba sukari, da farko ka yatsina fuska daga baya ka ga ka shanye. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga irin wurin ba ya bari kawai, ba dole. Amma ɗaliban injiniya da masu karatun muhalli da ke wannan yanki, ku yi rajista tun da wuri a shafinsu, ku sa takalmi rufaffe, kuma ku matsa wa mai zagayen da tambaya a kan ruwa.